Ta ina ɗalibi zai kama tarihin Amurka da manufofinta na waje?

Tambaya: Ina aji uku a sashen tarihi, muna da kwas kan tarihin Amurka da hulɗarta da ƙasashen waje. Sunaye da shekaru sun yi mini yawa, ga shi a kansa nake son rubuta kundin kammala digiri. Ta ina zan fara?

Amsa: Malama, ajiye haddar sunayen shugabanni tukuna. Ɗauko tsarin mulkin da aka rubuta a Filadelfiya a 1787, ki karanta sashe na ɗaya da na biyu, ba su kai aikin awa guda ba. Nan aka raba iko. Majalisa ce ke ayyana yaƙi, ita ke riƙe da lalitar gwamnati. Shugaban ƙasa ne babban kwamandan askarawa. Yarjejeniya da wata ƙasa kuwa ba ta tabbata sai kashi biyu cikin uku na sanatocin da ke zaure sun amince. Akasarin abin da za ki karanta ja-in-ja ne a kan wannan rabo.

Dubi Woodrow Wilson. Shi ya dage sai da aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Al'ummai (League of Nations, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya) bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma ƙasarsa ba ta taɓa shiga ba, domin a Maris 1920 yarjejeniyar ta sami ƙuri'a 49 a majalisar dattawa, masu adawa 35, ba ta kai kashi biyu cikin ukun ba. Shi ya sa shugabanni suke kewaye majalisar dattawa, su ƙulla yarjejeniya da ikon ofishinsu kawai. Illar ita ce, abin da alƙalami ɗaya ya ɗaura, wani alƙalamin na iya kwancewa: Obama ya shiga yarjejeniyar nukiliyar Iran a 2015, Trump ya fice a 2018. Yaƙi ma haka. Rabon da majalisa ta ayyana yaƙi a hukumance tun 1942, alhali an gwabza a Koriya da Biyetnam da Iraƙi. Dokar ikon yaƙi ta 1973 ta ce shugaba ya sanar da majalisa cikin awa 48, ya janye sojoji bayan kwana 60 idan ba ta yarje ba. Shugabanni sun sha yi mata fassarar da ta yi musu daɗi.

Shekaru kuwa, kafa turaku kaɗan ki ɗaure sauran a jikinsu: 1823, aƙidar Monroe da ta gargaɗi Turai kan tsoma baki a nahiyar Amurka; 1898, yaƙi da Sifaniya da karɓe Filifin; 1947; sai 2001, shekarar harin 11 ga Satumba. Ki fi daɗewa a 1947. A shekarar ne Truman ya shelanta manufar daƙile yaɗuwar kwaminisanci, aka gabatar da shirin Marshall na farfaɗo da Turai bayan yaƙi, aka kuma kafa hukumar leƙen asiri ta CIA da majalisar tsaron ƙasa.

Inda ɗalibai ke zubar da maki shi ne rubuta "Amurka ta so kaza", sai ka ce mutum ɗaya ce. Wa ya so? Fadar shugaban ƙasa, ko ma'aikatar harkokin waje, ko ma'aikatar tsaro, wato Pentagon? Sau da yawa bakinsu ba ɗaya ba ne.

Batun kundi, guji abin da ya faru jiya, irin ficewar sojojin Amurka daga Agadas a 2024, don takardunsa na kulle. Ma'aikatar harkokin waje na wallafa jerin takardun asali mai suna Foreign Relations of the United States, kyauta a intanet, kuma doka ta ba ta shekara 30 ta fitar da su, wani lokaci ma takan makara. Zaɓi abu ƙarami mai iyaka: gwamnatin Nixon da yaƙin Biyafara, ko wasiƙar Ford kan Angola da martanin Janar Murtala a Addis Ababa a 1976, ko ziyarar Carter Legas a 1978. Sai dai takardun nan bakin Amurka kaɗai suke ɗauke da shi. Duk wadda kika karanta, rubuta kwanan watanta da wanda ya aiko ta, sannan ki nemi jaridar New Nigerian ko Daily Times ta makon da aka rubuta takardar ki ga abin da aka faɗa a gida.