Zobon sayarwa: inda riba take zurarewa

Wata 'yar kasuwa ta aiko da tambaya: tana haɗa zobo mai sanyi a gida tana sayarwa a robobi, ciniki na tafiya, amma in ta zauna lissafi ba ta ganin riba, ga shi wanda ya kwana yakan yi tsami har roba ta kumbura.

Hajiya, matsalolin nan biyu tushensu ɗaya ne: haɗi ba awo. Mai zuba zobo da hannu, ta zuba sukari har sai ya yi mata daɗi a baki, ba za ta taɓa sanin nawa roba ɗaya ta ci ba. Ki sayi ƙaramin sikeli. Giram 50 na busasshen zobo ya isa lita ɗaya ta ruwa, wato kilo ɗaya zai ba ki kusan lita 20, robobi 40 masu rabin lita. Sukari kuwa giram 80 zuwa 100 a kowace lita, kusan kilo biyu ke nan a wannan haɗin. Kin ga nauyin sukari ya ninka na zobon kansa, kuma a nan mafi yawan masu sana'ar suke asara ba su sani ba.

Ki ɗauraye zobon da ruwan sanyi cikin hanzari don yashi ya fita, kada ki jiƙa, domin launin yana bin ruwan wanki. Ki tafasa ruwa da citta da kanumfari, ki zuba zobon, ki sauke bayan minti 10, ki rufe ya jiƙu kamar rabin awa. Dogon dahuwa ɓarnar wuta ce, kuma tana dusashe ja. Tukunyar alminiyam ba ta dace ba, tsamin zobo yana cin ta har ɗanɗano ya canja. Ki yi amfani da ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Bayan tacewa da kyalle mai tsabta, ki sake zuba wa tukar ruwan zafi kaɗan, ki haɗa da na farko.

Batun kumburin roba shi ne ya fi damuna, don ya shafi lafiyar masu saye. Ƙwayoyin yis ne suke cin sukari suna fitar da iska, kuma zafi yana hanzarta su. Saboda haka ki dafa zobon da kauri, ki ajiye shi a firji ba sukari, kullum ki ɗebi iya wanda za ki sayar ki tsinka ki sa zaƙi. Sukarin ma ki narkar da shi a tafasasshen ruwa. Ɗanyar abarba ko kokwamba da aka markaɗa aka zuba bayan an sauke suna sa shi saurin lalacewa, gara ki dafa su tare. Kanwa kuma ban ba ki shawararta ba: tana kashe tsami, alhali tsamin nan ne yake hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Wanda aka riga aka sa wa sukari kada ya wuce kwana uku a firji, wanda ya kumbura kuwa a zubar.

Kada ki jefa ƙanƙara a ciki, tana narkewa ta salamce shi. Ki daskarar da robobin, amma ki bar sarari a wuya domin ruwa yana ƙara girma in ya daskare.

A lissafi ki rubuta komai: zobo, sukari, kayan ƙamshi, wuta, roba, kuɗin sanyayawa da ladan aikinki. Ki raba jimillar da adadin robobin da kika sayar, ban da waɗanda suka lalace ko aka sha a gida. Abin da ya fito shi ne ainihin kuɗin roba ɗaya, a kansa za ki ɗora riba. Ki yi mako biyu kina rubuta abin da kike sayarwa kowace rana, sannan ki daidaita yawan haɗinki da wannan adadin.