Da Wane Littafi da Waɗanne Takardu Zan Koyar da Tarihin Bauta a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata kwalejin ilimi. An ba ni kwas ɗin tarihin Amurka a wannan zangon, kuma kusan rabinsa a kan bauta ne da yaƙin basasa. Laburarenmu ba shi da komai a kai sai wani tsohon littafi guda. Ana cewa takardun tarihin Amurka suna nan kyauta a intanet, amma duk sanda na shiga sai in rasa gabas da yamma. Wane littafi zan riƙe, kuma ta ina zan fara da takardun?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yawan takardun ne yake ɓatar da kai, kuma maganinsa shi ne ka rage. Ka riƙi littafi ɗaya ya zama ginshiƙin kwas ɗin, sannan ka zaɓi takardun asali shida zuwa takwas kawai na zangon gaba ɗaya, ka jera su biyu-biyu yadda kowace za ta gyara 'yar'uwarta ko ta ƙaryata ta. Ɗalibin da ya tsefe takarda takwas da kyau ya fi wanda aka zube wa ɗari.

Littattafai biyu ne za ka samu kyauta, kuma halal ne saukar da su. Na farko The American Yawp, wanda malaman jami'o'i masu yawa suka haɗu suka rubuta, maɗaba'ar Jami'ar Stanford ta fitar da shi juzu'i biyu, na farko ya tsaya a tarihin shekarar 1877, na biyu ya ɗora daga nan. Juzu'in farko ne naka, kuma yana tafe da tarin takardun asali da aka riga aka gajarta domin aji. Na biyu U.S. History na OpenStax, daga Jami'ar Rice da ke Texas. Turancinsa ya fi sauƙi, yana da tambayoyin bita a ƙarshen kowane babi, sai dai fayil ɗinsa yana da nauyi saboda hotuna, don haka a sauke sau ɗaya a rarraba wa ɗalibai waya zuwa waya. Ga ɗaliban shekarar farko na fi son na biyun, kai kuma ka riƙa shirya darasi da na farkon. Idan kwaleji za ta saya muku littafi ɗaya, a sayo From Slavery to Freedom na John Hope Franklin. An fara buga shi a 1947, an yi ta sabunta shi, sai a nemi bugun baya-bayan nan.

Tsohon littafin laburarenku kuwa, ka gwada shi kafin ka miƙa wa yara. Buɗe babin yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 ka ga dalilin da ya bayar. Littattafan makaranta da yawa da aka rubuta kafin shekarun 1960 suna cewa rikicin 'yancin jihohi ne, su kawar da kai daga bauta. Sanarwar ɓallewar jihar South Carolina ta Disamban 1860 da ta Mississippi ta Janairun 1861 suna nan a intanet, gajeru ne, kuma su da bakinsu suka ambaci bauta a matsayin dalili. Ajiye shafin littafin kusa da ɗaya daga cikinsu, ka samu darasi guda cikakke.

Sai takardun. Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasar Amurka (National Archives), wadda aka kafa a 1934, ba ta jera kayanta bisa maudu'i. Tana jera su ne bisa ofishin gwamnatin da ya samar da su, kowane ofishi da lambar rukuninsa. Shi ya sa in ka rubuta kalmar bauta a akwatin bincike sai a yi maka ambaliya. Tambayar da za ka fara yi wa kanka ita ce: wane ofishi ne ya yi hulɗa da mutanen nan har ya rubuta su? Rukuni na 29 na hukumar ƙidaya ne. Rukuni na 94 yana ɗauke da bayanan aikin sojoji, har da baƙaƙen fata da suka yi yaƙi a ɓangaren jihohin Arewa, waɗanda suka ci jihohin Kudu masu ɓallewa da yaƙi. Rukuni na 15 fayilolin fansho ne. Rukuni na 105 na hukumar kula da 'yantattun bayi ne, wadda ta yi aiki daga 1865 zuwa 1872, kuma a nan ake samun takardun aure, da yarjejeniyar ƙodago, da ƙorafe-ƙorafen mutanen da ke neman 'ya'yansu da aka sayar. Takardun cinikin bawa da wasiyyoyin rabon gado ba a nan suke ba, domin bauta dokar jiha ce, sai a kotunan gundumomi da ma'adanan jihohi. Kuma mafi yawan abin da ke ma'adanar ba a ɗora shi a intanet ba tukuna. Hanya mafi sauƙi ga malami ita ce shafinsu mai suna DocsTeach, inda aka riga aka tsamo takardu aka jera su bisa zamani.

Ƙidaya tana da tarko. A ta 1850 da ta 1860 an yi wa bayi jadawali daban, amma sunan ubangida ne a sama, ƙarƙashinsa sai shekaru da jinsi da launin fata, babu sunan bawa. Mutum kusan miliyan 4 aka lissafa haka a 1860. Sai a ƙidayar 1870 yawancinsu suka fara fitowa da sunayensu. Ka buga shafi ɗaya na 1860 da ɗaya na 1870 daga gunduma guda, ka bar ɗalibai su gano da kansu abin da ya canza. Kada ka wahalar da kanka neman ta 1890, gobara ta lalata mafi yawanta a 1921.

Laburaren Majalisar Dokokin Amurka yana da hirarraki fiye da 2,300 da ma'aikatan gwamnati suka yi da tsofaffin bayi tsakanin 1936 da 1938. Ɗalibai suna son su domin muryar ganau ce, amma a nan ne aka fi yin kuskure. Shekara saba'in da ɗoriya sun wuce tun bayan 'yanci, masu maganar yawancinsu yara ne a lokacin bauta, masu tambayar kuma mafi yawansu fararen fata ne na Kudu, a zamanin da baƙar fata zai iya rasa ransa saboda kalma ɗaya. Akwai misalin da masu koyarwa suka daɗe suna amfani da shi: wata dattijuwa a birnin Charleston na South Carolina da aka yi hira da ita sau biyu, an rubuta sunanta Susan Hamlin a ɗaya, Susan Hamilton a ɗayar. Ga farar mace ta yi maganar kirkin ubangida. Ga baƙin namiji kuwa ta yi maganar bulala da raba uwa da ɗa. Ba ɗalibai duka biyun ba tare da ka faɗa musu mutum ɗaya ce ba, sai bayan sun gama muhawara. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi ya san tambayar isnadi, wa ya ji daga wa, kuma a wane hali. Ita ce dai ake yi a nan. Ka kuma yi musu gargaɗi cewa an rubuta Turancin da gangan a karkace don kwaikwayon lafazi, sai an karanta a bayyane ake gane shi.

Akwai wurin da ɗalibanka suka fi yawancin ɗaliban Amurka dama, kuma ina roƙonka kada ka bar shi ya wuce. Umar ɗan Sa'id, malami daga Futa Toro a yankin kogin Senegal, an sauke shi a Charleston a 1807, ya kuma rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 yana cikin bauta a North Carolina. Laburaren Majalisa ya mallaki rubutun a 2017, ya ɗora hotunansa a intanet a 2019. Hannun rubutun irin na Afirka ta Yamma ne, ɗan'uwan wanda muka saba gani a allo, don haka yaron da ya yi makarantar allo zai iya bin asalin da idonsa ba sai ta bakin mai fassara ba. Umar ya buɗe da Suratul Mulk. Ka tambayi aji: me ya sa mutumin da wani yake iƙirarin ya mallake shi zai fara da surar da ke cewa mulki a hannun Allah yake? Sannan a cikin rubutun ya yabi iyayen gidansa, ya kuma kawo addu'ar Kirista, har masana suna saɓani a kan ko ya bar Musulunci ko bai bari ba. Kada ka yanke musu hukunci. Ka sa su nuna layin da suka dogara da shi, su kuma tuna wa zai karɓi takardar daga hannunsa.

Abokin tafiyarsa a darasi shi ne Muhammad Ali ɗan Sa'id, haifaffen Kukawa a Borno, wanda aka fi sani da Nicholas Said. An kama shi yana yaro, aka ƙetare Sahara da shi zuwa Tarabulus, ya bi ta Istanbul da Rasha, ya shiga Amurka yana ɗa ba bawa ba. A 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts, ta baƙaƙen fata. Mujallar Atlantic Monthly ta buga labarinsa a 1867, sannan littafinsa ya fito a Memphis a 1873, kuma a littafin bai ambaci aikin sojan ba ko kaɗan. Takardun soja sun ce ya yi, shi ya yi shiru. Mutumin da ke zaune a Kudu, yana sayar da littafinsa ga waɗanda aka ci da yaƙi, yana da dalilin yin shiru, kuma ɗalibai za su kamo wannan da kansu in ka ba su takardun biyu. Cikakken littafin yana shafin Documenting the American South na Jami'ar North Carolina, kyauta. Don shimfiɗa a kan Musulmin da aka bautar, nemi Servants of Allah na Sylviane Diouf, na 1998.

Alƙaluma kuma daga shafin SlaveVoyages za ka ɗauko, mai bayanan tafiyar jirage kusan 36,000. Ƙiyasinsa shi ne mutum miliyan 12.5 aka loda daga Afirka, miliyan 10.7 suka sauka da rai, kuma waɗanda aka kai Amurka ta Arewa kai tsaye ba su kai 400,000 ba. Kuskuren da ake yi shi ne haɗa shafin ƙiyasi da shafin tafiye-tafiyen da aka samu takardarsu, alhali lambobinsu ba ɗaya ba ne. Na biyu, shafin yana nuna tashar da aka yi lodi ne, ba ƙabilar waɗanda aka loda ba. Ɗalibi zai tambaye ka Hausawa, babu makawa. Mafi yawan Hausawan da aka ƙetarar Bahia ta Brazil aka kai su, amma sunan yana fitowa a takardun Louisiana da Gwendolyn Midlo Hall ta tattara, da rubutun Faransanci irin su Aoussa.

Wannan ya kawo mu ga bincike da suna. Magatakarda yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne, shi ya sa Umar ya koma Moro ko Omeroh a wasu takardu. Gwada rubutu uku ko huɗu kafin ka ce babu. A tarin tsofaffin jaridu na Chronicling America, inda za ka samu cigiyar bayin da suka gudu, kwamfuta ce ta karanta shafukan, kuma tana yawan kuskure a inda tawada ta dushe, don haka yi amfani da kalma ɗaya ko biyu, ka taƙaita jiha da shekara. Za ku ci karo da kalmomin cin mutunci na wancan zamani, sai ka shirya ɗalibai tun kafin ka raba. Kwanan wata ma yana ruɗarwa, domin Amurkawa wata suke fara rubutawa: 4/9/1865 tara ga Afrilu ne, ba huɗu ga Satumba ba.

Wajen bugawa, kowace takarda ka yi mata shafi biyu: hoton asalin a gaba, rubutun da aka juya da na'ura a baya, domin hannun ƙarni na 19 yana da wuyar karatu, kuma fotokwafi yana cinye siraran layuka. Sauke hoton mai matsakaicin girma, babban yana cin data ba tare da ƙarin amfani a takardar A4 ba. A ƙasan shafi rubuta sunan ma'adana, da rukuni, da kwanan watan takardar, don ɗalibai su saba da yin haka a nasu aikin. A darasin awa biyu, ba su minti ashirin su karanta shiru, minti talatin a rukunin mutum biyar su amsa wa ya rubuta, don wa, me ya gani da idonsa, me ya tsallake, sannan ka raba takarda ta biyu. Babin littafin su karanto shi daga gida kafin ranar.