Ciniki Ya Yi Kyau, Amma Kuɗin Sari Sun Kasa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon atamfa da shadda a Babbar Kasuwar Gombe. Na yi lissafin wata uku: ciniki naira miliyan 9, kuma kashi 20 cikin ɗari nake ɗorawa a kan kuɗin sari. Haya, albashin yara biyu, kuɗin mota, dako da fetur sun ci 900,000. Da na je Kantin Kwari sai na tarar sari ya tashi da kashi 10, kuɗina sun kasa maido da yawan kayan da na sayar. Ina ribar ta shiga?

Mai shago, Gombe

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa wa kasuwa albarka. Mu bi lissafin da alƙalumanka. Idan 20 kake ɗorawa, kayan da ka sayar a miliyan 9 ka saro su ne a miliyan 7.5. Bambancin miliyan 1.5 ne. Cire 900,000 na ɗawainiya, saura 600,000. Wannan ita ce ribar da ke takarda. To, kayan miliyan 7.5 ɗin nan yau kuɗinsu miliyan 8.25 ne, wato ƙarin 750,000. Ka ga ke nan tashin sari ya haɗiye ribar, har ya gutsiri 150,000 daga uwar kuɗi. Ba mu ma taɓa bashin da ke hannun teloli da masu haɗa lefe ba, wanda littafi ke kira ciniki alhali ba ya cikin aljihu.

Kuskuren yana wurin sa farashi. Kana duban abin da ka biya jiya, alhali da farashin yau za ka cika shago. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a Yunin 2023, bayan cire tallafin fetur a ƙarshen Mayu, duk mai sayar da kayan da ake shigowa da su ya ɗanɗana wannan.

Ɗauki turmi ɗaya mai yadi shida. Ka saro shi 10,000, kana sayarwa 12,000. Yau sarinsa 11,000, a ce mota da dako sun ci 300, ya iso shago a 11,300. Ribarka 700 ce, ba 2,000 ba. Sannan ɗora 20 a kan sari ba ya nufin kashi 20 na ciniki riba ne. 2,000 cikin 12,000 bai kai kashi 17 ba. In cikakken 20 kake so, raba 11,300 da 0.8, zai ba ka 14,125.

Za ka ce maƙwabcinka na sayarwa 12,500, masu saye za su gudu. Gaskiya ne, shi ya sa ba a yi wa kaya duka kuɗin goro. Atamfar da kowace mace ta san farashinta, ɗora kaɗan, ita ke jawo mutane. Sabon zane, leshi da shaddar da ba kowa ke da su ba, a nan ake cin riba. Kwantai kuwa, abin da ya haura wata uku bai motsa ba, sake shi ko a kuɗinsa ne, ka juya kuɗin. Kafin kowace ranar ciniki mai ƙarfi, buga waya Kano ka ji sari. A ƙarshen wata uku kuma, ƙirga turame da bandir, ba naira kaɗai ba.

Tambaya: Ina sayar da kayan yara ɗinkakku a Kasuwar Wunti. Cinikina na Afrilu zuwa Yuni 2025 ya gaza na 2024 sosai. Shin in rage farashi?

Hajiya, Bauchi

Amsa: Kada ki yi gaggawa, Hajiya. A 2024 Sallah ƙarama da babba duk sun faɗo tsakanin Afrilu da Yuni. A 2025 ƙaramar ta zo a ƙarshen Maris, cinikin azumi duka ya shiga watanni ukun farko. Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka ki haɗa Janairu zuwa Yuni na kowace shekara ki gwada. Idan har yanzu akwai giɓi, sai ki duba adadin rigunan da suka fita kafin ki taɓa farashi.