Ni ma da wannan kalmar aka taɓa yarfa ni

Ƙanwata, tun da asuba na ga tambayarki, cewa ogarki ta rubuta "braggadocio" a gefen rahoton da kika kai mata, kina son ki san ko zagi ne. Wallahi sai da gabana ya faɗi.

Ba zan ɓoye miki ba, ba yabo ba ne. Cika baki ne, kurin banza, irin holoƙo hadarin kaka, ga rugugi babu ruwa. Ana furta ta bragadoshiyo. Kalmar Turanci brag yabon kai ne kawai, mutum zai iya yi da abin da yake da shi da gaske, amma ita wannan har da zargin cewa fanko ce ke. Asalinta ma sunan mutum ne a wata doguwar waƙa ta Baturen Ingila Edmund Spenser, The Faerie Queene, ta 1590. Ya ɗauki brag ya liƙa mata jela irin ta Italiyanci ya raɗa wa wani matsoraci, wanda ya saci dokin wani jarumi da mashinsa yana yawo yana bugun ƙirji, da ya ji an busa ƙaho sai ya faɗa cikin duhuwa ya ɓuya.

To da wannan aka haɗa ni ranar difens ɗina, wato ranar da na kare aikin bincikena a gaban malamai. Wata bakwai ina hawa achaba zuwa ƙauyuka ina cika takardun tambayoyi, har zazzaɓi na kwanta, ina faɗin cewa ni da ƙafata na je, sai wani malami ya cire gilashi ya ce in daina wannan braggadocio ɗin, aka kwashe da dariya. A banɗaki na duba ma'anar a waya, na yi kuka har ɗankwalina ya jiƙe, ga Hajiyarmu a waje riƙe da kular zobo tana jira. Mutumin nan ko buɗe aikin bai yi ba, kwafinsa na gabansa cikin leda, da idona na gani! Shekara shida ke nan, in na tuna sai raina ya ɓaci.

Kar ki ba ta amsa yau, kina cikin fushi. Ki koma kan rahoton, duk inda kika ce kin yi ƙoƙari sosai ki cire, ki sa adadin da kwanan wata, lamba ba ta cika baki. Kuma abin da ke ƙona min rai, a gida an koya mana yabon kai jahilci, a intabiyu a ce ki tallata kanki, in kin yi kuma a ce kina fahariya, musamman mu mata. Ki ajiye hoton abin da ta rubuta. Gobe ki same ta ita kaɗai, ki ce "Hajiya, wane layi ne ba gaskiya ba in gyara?" In kina so ki turo min ta inbos mu duba tare bayan isha'i.