Tambaya da Amsa: Me ya sa maganin maleriya bai taɓa zazzaɓin ƙanena ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta. Ƙanena ya kwana biyar yana fama da zazzaɓi mai zafi, da ciwon gaɓoɓi da ciwo a bayan idanu. Ya sha maganin maleriya, ya sha antibayotik, shiru. Sai da aka gwada jini aka ce dengi ne, likita kuma ya ce babu maganin da ke kashe shi, sai ruwa da hutu da farasitamol. Ya warware alhamdulillahi, amma abin ya tsaya min a rai. Ai duk sauro ke kawo su. Yaya wannan ƙwaya take yaɗuwa a jiki da har magani ya gagara kama ta?
Daga wata mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ƙara masa lafiya. Likitan nan gaskiya ya faɗa miki.

Ko sauron ma ba ɗaya ba ne. Anofilis ke kawo maleriya. Dengi da Zika da zazzaɓin shawara da cikungunya kuwa na sauron Aedes ne, mai zanen fari a ƙafafu, wanda ya fi cizo da rana. Babban bambancin dai yana ga abin da suke ɗauke da shi. Ƙwayar maleriya halitta ce mai kayan aikinta, haka ma bakteriya, don haka magani yana samun wurin da zai doka. Dengi bairos ne, shi kuma kusan hannu rabbana yake zuwa.

Ban gane haka sosai ba sai da na fara aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Muna renon sel, wato ƙananan ɗakunan da aka gina jiki da su, a cikin kwalba mai ruwa ja-ja. A madubin likita za ki gan su kwance luf a gindin kwalbar, kowanne manne da ɗan'uwansa. Idan aka ɗiga musu bairos, bayan 'yan kwanaki sai su dunƙule, su saki gindin kwalbar, su taso suna yawo a ruwan. Amma ki zuba bairos ɗin nan a ruwa iri ɗaya wanda babu sel a ciki, ko ɗaya ba zai ƙaru ba. Tun daga ranar nake kallonsa a matsayin saƙo a cikin ambulan, wanda ba ya aiki sai ya sami mai karanta shi.

Faɗin bairos ɗin dengi kamar nanomita 50 ne, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. A cikinsa akwai zaren RNA guda, wato saƙon da ke ɗauke da umarninsa, mai haruffa kusan 11,000, wanda furotin (kayan gini da aikin sel) iri 10 kacal yake iya samarwa. Mu kuwa umarnin haɗa furotin da ke jikinmu ya kai wajen 20,000. Abin da ya rasa, a wurinmu yake ɗauka. Da ɗan gari akan ci gari.

Shigarsa ma da dabara ce. Fatarsa tana ɗauke da irin maiƙon da mataccen sel ke nunawa a waje, sai sel masu sharar gawa su haɗiye shi da kansu, su sa shi a wata 'yar jaka. Ruwan jakar yana ƙara tsami, tsamin ne kuma yake sa furotin da ke kan fatar bairos ya miƙe ya soki bangon jakar, zaren ya zubo cikin sel. Nan injinan haɗa furotin na sel, ribosom, za su karanta shi kamar nasu, su fitar da doguwar igiya guda. Sai an yanka igiyar nan gida goma kafin ta yi amfani. Wasu gaɓoɓin almakashin bairos, wato furotin mai yanka, ke yanka su, wasu kuma almakashin sel ne.

Wurin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tantani. A cikin sel akwai wani tantani mai ninki-ninki da ake taƙaita sunansa da ER, inda ake haɗa furotin da maiƙo. Furotin na bairos suna kafa kansu a jikinsa su lotsa shi ciki, kamar ki danna yatsa a balan-balan, har ya zama aljihu. A 2009 masu bincike a Heidelberg ta Jamus suka ɗauki hoton aljihunan nan ta kowane gefe. Kowanne faɗinsa kamar nanomita 90, da ɗan baki mai kusan nanomita 10. Na daɗe ina kallon hoton nan, aljihu kusa da aljihu kamar saƙar zuma. A ciki ake kwafar zaren, ta ɗan bakin nan kayan aiki ke shiga, sabon zare ya fita. Dalilin ɓuyan kuwa, lokacin kwafa RNA yakan zama tagwayen zare, sel kuma yana da masu gadi da ke gane irin wannan zare nan take su buga ƙararrawar intafiron, sinadarin da ke tayar da garkuwar jiki. Aljihun ya rufe musu ido. Da yake ginin yana cin maiƙo, bairos yakan jawo injin haɗa kitse na sel zuwa wurin, ya kuma sa a fasa kitsen da sel ya tara don a sami ƙarfin aiki. Idan ma ƙararrawar ta kaɗa, furotin ɗinsa mai suna NS5 yana sa sel ya rusa STAT2, ɗan aiken da ke kai labarin. STAT2 na ɓera ba ya rusuwa haka, shi ya sa dengi ba ya kama ɓeran gwaji da sauƙi.

Rigar da sabon bairos zai sa ma daga tantanin ER ake yanko ta. Kafin ya fita, wani almakashin sel mai suna furin zai yi masa yankan ƙarshe, wanda ke ba shi ikon kama wani sel. Cikungunya dangi ne daban, amma shi ma aljihu yake yi, sai dai a fatar sel ta waje, yana kuma dogara da wani furotin, FHL1, da ya yi yawa a tsoka.

To kin ga inda gizo ke saƙar. Antibayotik galibi bangon bakteriya ko ribosom ɗinta yake kai wa hari, bairos kuwa ba shi da ko ɗaya. Idan aka ce a lalata injin da yake aiki da shi, namu ne za a lalata. Duk da haka ina da kyakkyawan zato. A 2016 masu bincike a Amurka suka riƙa kashe umarnin furotin na sel ɗaya bayan ɗaya da fasahar CRISPR, suka gano cewa idan aka cire SPCS1, wani yanki na almakashin sel, sel yana ci gaba da rayuwa amma dengi da danginsa sun durƙushe. A ɓangaren sauro kuma, an saki waɗanda aka sa wa bakteriyar Wolbachia a Yogyakarta ta Indunusiya, sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna dengi ya ragu da kashi 77 cikin 100. Ɗaya daga cikin dalilan da ake bayarwa shi ne bakteriyar tana ƙwace maiƙon da bairos ke buƙata.

Abu biyu nake so ki riƙe game da ƙanenki. Dengi iri 4 ne, garkuwar da ya samu mai ɗorewa ta irin da ya kama shi ce kawai, kamu na biyu da wani irin kuma ya fi haɗarin yin tsanani. Idan zazzaɓi irin wannan ya dawo, kada a ba shi asfirin ko ibufurofen, suna ƙara haɗarin zubar jini. A kuma sa masa ido sosai daidai lokacin da zafin jiki ya sauka. In aka ga ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, ko jini a dasashi ko hanci, a kai shi asibiti a ranar.