Amsoshin Wasiƙunku: Ɗan Takara Ya Faɗi Ra'ayinsa, Da Me Za Mu Auna Shi?

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan wata daga Zariya suka fito, kuma sun taru a kan hirar da wani mai neman kujerar shugaban ƙaramar hukuma ya yi a rediyo. Ba mu ambaci sunansa ba, domin abin da ya faɗa yana bakin 'yan siyasa da dama. Ga uku daga cikin wasiƙun.

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam, ɗan takarar ya ce tsadar rayuwa daga Abuja ta taso, saboda haka ƙaramar hukuma ba ta da abin da za ta yi wa talaka sai rabon kayan tallafi. Shin haka ne? Daga wani magidanci, Tudun Wada.

AMSA: Malam, rabin maganarsa gaskiya ce. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, a watan Yuni kuma aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, kuma tun daga lokacin kuɗin mota, taki da kwanon masara suka yi sama. Babu ciyaman ko kansilan da ke da ta cewa a kan waɗannan.

Sauran rabin ne ban yarda da shi ba, kuma shi ne ya fi shafar ka. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma a fili: kula da kasuwanni, tashoshin mota da mahauta, gina ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, kwashe shara, kula da maƙabartu, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sannan da sa hannu a harkar makarantun firamare, kiwon lafiya da bunƙasa noma. Duk wanda ya taɓa ganin yadda kwata ke cika ta malalo cikin gidaje a lungunan birni da damina, ko ya kai matarsa awo ƙaramin asibitin unguwa aka rubuta masa magani ya fita saye, ya san cewa tsadar rayuwa ba a gidan mai kaɗai take ba. Kuɗin maganin zazzaɓin da kwata ta haifar daga aljihun magidanci yake fita.

A da, shugabannin ƙananan hukumomi suna fakewa da asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi da sashe na 162 na Tsarin Mulkin ya tanada, suna cewa kuɗinsu a hannun gwamna yake, kuma sau da yawa ba ƙarya suke yi ba. Amma ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomin riƙo a maimakon zaɓaɓɓu. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, wannan kuwa shi ne ainihin batun yau da ya kamata mai neman wannan kujera ya faɗi matsayinsa a kai. Idan ya zo unguwarku yawon neman ƙuri'a, ku tambaye shi ko zai riƙa bayyana wa jama'a nawa ya shigo asusun ƙaramar hukuma kowane wata, da yadda zai raba ayyuka tsakanin mazaɓu 13 na Zariya, har da irin su Dutsen Abba da Wuciciri da ba a cika tunawa da su ba sai zaɓe ya matso.

TAMBAYA: Malam, ya ce siyasa ba ta dace da matan aure ba, su dai su fito ranar zaɓe su koma gida. Ni shugabar wata ƙungiyar adashi ce, kuma maganar ta ɓata mini rai. Daga wata uwa, Sabon Gari.

AMSA: Hajiya, ɓacin ranki yana kan hanya, kuma abin mamaki ne a ji wannan magana daga bakin ɗan siyasar Zariya. A garinki na Sabon Gari Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001, ta shiga jam'iyyar NEPU tun tana yarinya, ta jagoranci ɓangaren mata, ta sha duka da ɗauri sau da yawa saboda neman a ba matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a da adawa da aurar da ƙananan yara. Wannan 'yanci bai samu ba sai a shekarun 1970, kuma zaɓen 1979 shi ne babban zaɓen ƙasa na farko da matan Arewa suka shiga layi. Ƙuri'ar da yake so mata su fito su ba shi, da wahalar wata mace aka samo ta. Asibitin Ƙofar Gayan kuma sunanta yake ɗauke da shi. Ina ganin ƙungiyarku ta gayyace shi, cikin mutunci, ya faɗa muku mata nawa zai sa a majalisarsa da abin da ya tanada wa ɗakunan haihuwa.

TAMBAYA: Ya yi alkawarin kwashe almajirai daga tituna ya mai da su garuruwansu. Zai iya? Daga wani malamin allo, Unguwar Juma.

AMSA: Allah ya gafarta Malam, an riga an gwada wannan. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa sun yi ta mai da almajirai jihohinsu a motoci, bara kuma ba ta ƙare ba, domin talauci da rashin makaranta da suka sa uba ya tura ɗansa suna nan a ƙauyen da aka mai da yaron. Damuwarsa da ganin yara ƙanana suna yawo da kwano a Kwangila da PZ damuwa ce ta gaskiya, kuma malamai ma bai kamata su kau da kai daga gare ta ba. Sai dai shugaban ƙaramar hukuma ba shi da ikon korar ɗan ƙasa daga gari. Abin da ke hannunsa shi ne ya zauna da alarammomi a ƙidaya yaran kowace tsangaya, a san iyayensu, a sama musu gurbi a firamaren da ke kusa, tun da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, sannan ya nemi haɗin kan hukumar kula da ilimin almajirai da gwamnatin tarayya ta kafa a 2023. Ku malamai ku riga shi shirya wannan ƙidaya, ku kai masa a rubuce kafin ranar zaɓe.