Tambaya da Amsa: Fitilar Karatu Daga Tsohon Batirin Kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na sakandare, kuma tun ina ƙarami nake da sha'awar kwance rediyo da tocila in sake haɗa su. Yayana ya ba ni batirin kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka wanda ya daina riƙe caji, an kuma ce mini ana iya fasa shi a yi fitilar karatu. Shin gaskiya ne, kuma yaya zan yi? (Mai karatu daga Gusau)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗalibi. Gaskiya ne, domin galibin batiran tsofaffin kwamfutoci, waɗanda ake zarewa daga baya, suna ɗauke da ƙananan batira shida masu kama da na tocila, kuma sau da yawa ɗaya ko biyu ne suka mutu suka jawo wa sauran baƙin jini. Ana kiran su 18650, saboda kaurin kowanne milimita 18 ne, tsawonsa kuma milimita 65.

Ka buɗe robar a hankali, ka guji soka wuƙa ciki, domin batirin litiyam irin wannan idan aka huda shi, ko aka bar ƙarfe ya haɗa kansa da gindinsa, yana iya kamawa da wuta nan take. Bayan ka raba su, ka ari mitar awon lantarki wajen mai gyaran rediyo ka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Cikakken caji shi ne bolt 4.2 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin lantarki), kuma lafiyayye yakan tsaya a wajajen 3.7. Wanda ya nuna ƙasa da bolt 2, ko ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ka ware shi gefe, kada ƙyashin asara ya sa ka yi masa caji. Wanda rigarsa ta yage kuwa, ka naɗe shi da salatif kafin komai.

A nan ne masu koyo suka fi yin kuskure: sai su yanke igiyar cajar waya su jona ta kai tsaye. Caja tana ba da bolt 5, abin da ya zarce ƙarfin batirin, kuma babu abin da zai tsayar da ita idan ya cika. Abin da kake bukata shi ne wani ɗan allo da bai wuce girman babban yatsa ba, mai suna TP4056, wanda ake samu wajen masu sayar da kayan gyaran lantarki. Ka nemi mai kariya, wanda za ka gane shi da rubutun B+ da B− inda batir ke shiga, da OUT+ da OUT− inda fitila ke fita. Jar wutarsa tana nufin caji na shiga, shuɗiya kuma ya cika.

Batun ƙwan fitila mai sauƙi ne: kan tsohuwar tocila mai cin batir uku ya wadatar, tunda an yi shi ne don bolt 4.5. Ka sa makunni a tsakani, ka zaunar da batirin a gidansa na roba maimakon narka dalma a jikinsa, saboda zafi yana lalata shi. Sabon batir mai ƙarfin 2,000 mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka) zai iya riƙe ƙwan da ke jan 200 mA (ma'aunin wutar da ƙwan ke ci) kusan awa 10, amma tsoho kada ka yi mamaki idan ya ba ka rabin haka. Ni dai shawarata, cajin farko ka yi shi a kan siminti, kana zaune kusa, kana taɓa batirin lokaci-lokaci. Idan ya ɗauki zafi, ka cire shi.

Tambaya: Muna zaune a unguwar da wuta ba ta zama, tumatir da alayyafo suna lalace mini cikin kwana biyu. Akwai abin da zan iya haɗawa da kaina? (Uwargida daga Haɗeja)

Amsa: Hajiya, maganin a jiharku ya yi suna. Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya. Ki samo tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, ki zuba yashi a gindin babbar, ki zaunar da ƙaramar a ciki har bakinsu ya daidaita, sannan ki cike tsakaninsu da yashi ki jiƙa shi sosai. Ki sa kayan miyar a ƙaramar, ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bushewa, yana tafiya da zafin ciki, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Ki ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, ki ƙara ruwa safe da yamma. Ta fi aiki da rani da bazara; da damina, lokacin da iska ke da laima, sanyinta yakan ragu ƙwarai.